An ce tarin yayana ba ya jin magani, to jiki me zai iya masa?

Manomi daga Ringim:
Salamu alaikum jama'a. Yayana ne yake tari tun kafin mu yanke gero. Sau uku ana sayo masa kafso a kemis ranar kasuwa, ya sha kwana biyu, da ya ji dama-dama sai ya ajiye sauran. Yanzu an auna kakinsa a asibiti, sun ce tarin fuka ne, irin wanda ba ya jin maganin farko. Likitan ya ce mu dage da ba shi abinci, wai jikinsa ma yana nasa yaƙin. Nan ne na ɗaure. Cutar da ta gagari magani, jiki me zai iya mata?

Malamin asibiti, Bichi:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba Yaya lafiya. Ka fara riƙe wannan: ƙwayar cutar ce ta bijire wa magani, jikinsa bai saba da komai ba. Na'urar GeneXpert da ake auna kaki da ita tana nuna ko ƙwayar ta daina jin rifamfisin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tarin fuka. Kafson kemis ɗin nan ba na tarin fuka ba ne, lokaci kawai suka cinye muku. Yana yiwuwa ma da bijirarriyar ƙwayar ya kamu tun farko, daga wani.

Shi magani wuri ɗaya yake kai wa hari a jikin ƙwayar, idan ta sauya wurin sai ya rasa makama. Sojojin garkuwar jiki ba haka suke aiki ba. A can ƙuryar huhu akwai wasu da ake kira makrofaj, masu gadi ne, haɗiye ƙwayar suke yi ɗungurungum su narkar da ita. Idan abin ya fi ƙarfinsu sai su kira nutrofil daga cikin jini, su kuma su zo da yawa, su yi kisa su mutu a wurin. Kakin nan mai kore-kore da kake gani, yawancinsa gawarwakinsu ne. Babu ruwansu da wane magani ƙwayar take ji ko ba ta ji.

Sai dai ta tarin fuka makira ce. Ko an haɗiye ta, tana iya hana a narkar da ita, ta yi zamanta a cikin mai gadin. Sai wasu fararen ƙwayoyin jini, CD4, sun zo sun zaburar da shi, a taru a yi mata shinge. Shi ya sa cikin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne suke kwanciya ciwo. Yunwa, ciwon suga da ƙanjamau ne suke rushe shingen, don haka a gwada shi suga da ƙanjamau, kada ku ji kunya.

Maman Khalifa:
Ƙanena, na yi jinyar maigidana da wannan. Ƙwai, wake, ƙuli-ƙuli, nono, duk abin da ya samu ka tura masa. Ku raba shi da hayaƙin kara, a riƙa buɗe tagar ɗakinsa, a kai yaran gidan a duba su. Mu sai da aka sami ƙaramarmu da shi, ba mu sani ba.

Ɗan Gumel:
To tunda jiki na yaƙi, ba sai a haɗa masa zuma da tafarnuwa a huta da ƙwayoyin maganin ba?

Malamin asibiti, Bichi:
A'a Malam. Wanda ya riga ya kwanta, shingensa ya karye, sai da magani. Ya sha zumarsa, amma kada ya tsallake ko kwana ɗaya. A da jinyar irin wannan takan kai wata 18 zuwa sama, har da allurai. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin wata 6 na haɗiya zalla ga yawancin masu ita, kuma maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Manomi daga Ringim:
Na gode ƙwarai. Jibi zan kai yaran, su biyar ne. Shi ma gwajin nasu kaki ake bayarwa? Autan bai iya tofarwa ba.