Muhawara: da gaske yawan haihuwa yana kare mace daga sankarar jini?

Maman Biyu: Salamu alaikum. An turo mini wani saƙo, wai macen da ta haihu da yawa ba ta cika kamuwa da sankarar jini ba, wai kuma ƙwayar tazarar haihuwa ce ke jawo ta. Ni ga shi ina kan ƙwayar, hankalina ya tashi.

Anti Ungozoma: Wa alaikumus salam. Rabin farkon akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Manyan nau'o'in sankarar jini, wato lukimiya da limfoma da mayiloma, duk sun fi kama maza. Akwai ma lukimiyar manya mai tafiya a hankali wadda maza suka kusa ninka mata a cikinta. Ƙwayoyin garkuwar jiki suna da wurin da sinadarin istrojin, wato homon mata, ke maƙalewa, ciki kuma yana juya garkuwar mace don kada ta yaƙi ɗan tayi. To me zai hana haihuwa ta yi tasiri?

Ɗalibin Likitanci: Anti, ki yi haƙuri zan ɗan ja da ke. Lukimiyar yara ma ta fi kama maza, tun kafin balaga, lokacin da homon bai raba su sosai ba. Akwai wani bayanin: kromosom shi ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, mace tana da kromosom X biyu, namiji ɗaya, kuma wasu ƙwayoyin gado masu danne sankara suna aiki a duka biyun nata. Idan ɗaya ya lalace, ɗayan na nan.

Anti Ungozoma: Ƙanina, ai gamayyar masu bincike ta InterLymph ta haɗa bayanan dubban mata, ta ga a wani nau'in limfoma haɗarin yana raguwa da yawan ciki.

Ɗalibin Likitanci: Nau'i ɗaya, Anti, cikin fiye da 60. Da suka duba limfoma gaba ɗayanta ba su ga alaƙa da haihuwa ba. Irin wannan binciken ma tambayar mutane ake yi abin da ya wuce, suna iya mantawa, kuma macen da ta iya ɗaukar ciki sau da yawa wataƙila dama ta fi lafiya. Dubi WHI, wani babban gwaji kan lafiyar mata a Amurka, wanda aka raba mata da ƙuri'a, wasu suka sha homon bayan ɗaukewar al'ada, wasu suka sha ƙwaya marar magani. A 2002 aka tsayar da ɓangaren da ke da mata fiye da 16,000 saboda sankarar mama ta ƙaru. Limfoma kuwa, da aka duba daga baya, ba a ga bambanci ba.

Sista Mai Jinya: Abin da ke ci mini rai da irin saƙon nan shi ne jinkiri. Na taɓa jinyar wata uwa mai 'ya'ya da yawa. Kaluluwa ta fito mata a wuya, ba zafi, ba ta baje ba. Gumi take yi da dare har sai an canza zanen gado, ga rama, tafin hannunta ya yi fari fat. Ta daɗe kafin ta zo asibiti, ashe sankarar jini ce. Haihuwa ba ta kare ta ba. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sankarar jini su ne yawan shekaru, sinadarin benzin (benzene), hasken radiyeshan mai yawa, taba, HIV, ciwon hanta nau'in C. A kan waɗannan ya kamata mu dage.

Maman Biyu: To in daina ƙwayar ko in ci gaba?

Sista Mai Jinya: Kada ki daina saboda saƙon waya, 'yar'uwa. Bincike kan ƙwayar da limfoma ya saɓa wa juna: wani ya ga ɗan ƙari, wani ragi, wani bai ga komai ba. Abin da aka sani shi ne tana rage sankarar gidan ƙwai da ta cikin mahaifa, tana ɗan ƙara ta mama lokacin da ake sha, kuma tana iya sa jini ya yi guda, musamman ga mai shan taba da ta haura shekara 35. Ki koma wurin wanda ya rubuta miki, ki gaya masa idan akwai sankarar mama a danginku.

Anti Ungozoma: A kan ƙwayar na yarda. Amma ni har yanzu ina ganin istrojin yana da hannu a bambancin maza da mata, sai dai ba zan ce wa kowace mace ta ƙara haihuwa saboda shi ba.