Wa ya taɓa fita waje aikin sa-kai da nakasa a jikinsa?

'Yar Aboabo: Assalamu alaikum. Ƙanena shan-inna ya taɓa shi tun yana yaro, a keken guragu yake. Ya gama jami'ar KNUST da ke Kumasi, a nan Gana, yanzu ya samu gurbin aikin sa-kai na shekara guda a wata cibiyar yara a Jamus. Tsohuwarmu ta ce sam, wai wanda sai an cicciɓe shi a saka a motar haya (trotro), shi ne zai je taimakon wasu? Don Allah waɗanda suka je ku ba mu labari, mai daɗi da marar daɗi.

Baban Sadik, Asawase: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ni ma da keke na je, ta shirin weltwärts na gwamnatin Jamus. Tun 2013 suke karɓar matasa daga ƙasashenmu. Shekara 18 zuwa 28 ne, amma mai nakasa har 35 ana ɗaukarsa. Kafin ya sa hannu, a rubuta masa faɗin ƙofar banɗakin gidan da zai zauna da kuma hawa na nawa ne. Kada ya yarda da "komai lafiya". A sanar da kamfanin jirgi aƙalla awa 48 kafin tafiya, in kuma keken mai batir ne za su tambayi ƙarfin batirin.

Hanya ba ta ba ni wahala ba. Bas kan rusuna ta gefen ƙofa, direba ya fito ya shimfiɗa maka ƙarfen hawa, babu mai ƙorafi. Wahalar tana wurin aiki. Da farko takarda suke ba ni in ninke, kowa yana murmushi, babu mai son ya gajiyar da ni. Tausayin nan ya fi ƙanƙarar cin rai. Ran nan tayar keken wani yaro ta yi faci, na ce a miƙo min bokitin ruwa, na tsoma tiyub har kumfa ta nuna ramin, na liƙe. Mu da ke faci da kanmu tun muna yara! Washegari kekuna suka yi layi, daga nan aka bar min ɗakin gyara ni da yaran. Sai dai ya tanadi safa mai kauri, ƙafar shan-inna ba ta son sanyi, ga dusar ƙanƙara tana riƙe taya.

Maman Hafsa, Nima: Daga Accra nake, ni kurma ce. Ba dole sai Turai ba. Ibadan na je koyar da ɗinki a makarantar kurame, babu biza, ɗan ECOWAS yana da kwana 90. Maganar hannunmu da tasu tushe ɗaya ne, domin Andrew Foster, kurma Ba'amurke da ya buɗe makarantar kurame a Gana a 1957, shi ne ya je Najeriya bayan nan. Ranar da na sauka muka fara hira. 'Yan Ingila kuwa da suka taɓa zuwa mana, da hannu biyu suke harhaɗa baƙaƙe, mu da ɗaya, sai da muka koma rubutu a waya.

Ɗan Akropong: Zan ɗan saɓa muku. Ni makaho ne, na je wata ƙasa ta hannun wata ƙungiya da ba zan faɗi sunanta ba. Ashe hotona suke so. Duk taro a tsayar da ni gaba da farar sandata, aikin da aka ce zan yi na koyar da rubutun makafi kuwa ko allon ba a tanada ba. Ya tambaye su tun yanzu: mene ne aikina ranar Litinin da safe? In suka yi ta kewaye-kewaye, ya haƙura.

Sannan dawowa ma da nata. Dokar nakasassu ta Gana ta 2006, lamba 715, ta ba gine-ginen jama'a shekara 10 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika a 2016, amma ku je kasuwar Kejetia da sanda ku gani, ko ku ƙirga kwatocin da ke buɗe daga Aboabo zuwa Sawaba. Masallatanmu ma matakala ce ke tarbarka, a ƙofar kuma wani ya cusa maka sidi biyu a hannu alhali salla ka zo.

Hajiya Mai Koko: 'Yata, ba aikin ne ke damun mahaifiyarku ba, tsoro take wa zai kama shi in ya faɗi. Kada ku yi mata gardama. Ku kai mata wanda ya je ya dawo ta gani da idonta.

Baban Sadik, Asawase: Hajiya ta yi gaskiya. Ina nan kusa da kasuwar Asawase, bayan Juma'a zan iya zuwa in gaida Mama. Matakala nawa ce a ƙofar gidanku?

'Yar Aboabo: Babu, Yaya, tun da ya fara keke muka zuba siminti. Sai dai kwatar bakin lungu, katako muke ɗorawa. Zan sa yara su jira ka a wurin.