Neman kalma: me za mu kira "limit" na katin bashi, musamman in an rage shi ana so a maido?

Tafinta:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai kalmar da ke tsaya wa masu fassara a wuya duk lokacin da aka zo yi wa Hausawan Amurka bayanin harkar banki, wato abin da Bature ke kira "credit limit". Shi ne adadin da banki ya amince mai kati ya ci bashi har zuwa kansa, daga nan kati ya tsaya. Jimlar da ake so ta fito da Hausa ita ce ta mutumin da banki ya zaftare masa wannan adadi, a ce daga dala 10,000 zuwa 3,000, yanzu kuma yana so ya nemi a ƙara masa. A baki "limit" kowa ke cewa, amma a rubuce ba ta zauna ba. "Iyakar bashi" ce ta fara zo mini. Me kuka gani?

Malam Nahawu:
Wa alaikumus salam. Malam Tafinta, "iyakar bashi" tana da tarko. In Bahaushe ya ce "iyakar kuɗina ke nan", yana nufin duk abin da yake da shi ke nan. In ya ce "iyakar bashin da ake bina dala dubu uku ne", kowa zai ji cewa ya riga ya ci dubu ukun. To ka rubuta "banki ya rage masa iyakar bashi", wallahi wani zai yi masa murna, ya ɗauka an yafe masa wani abu. Shi kuwa bashinsa na nan daram, ƙofa ce aka tsuke masa. Muna bukatar kalmar da za ta raba abin da aka yarje maka da abin da ka riga ka ci.

Hajiya Akanta:
Malam ya taɓo inda matsalar take, domin duk lissafin a kan wannan bambancin yake tafiya. Bari in sa lambobi. Mutum yana da kati biyu. Na farko an yarje masa 10,000, ya ci 2,500. Na biyu an yarje masa 5,000, ya ci 500. Jimilla ya ci 3,000 cikin 15,000, kashi 20 cikin 100 ke nan. Banki ya wayi gari ya mai da na farkon 3,000. Bai ƙara cin ko kwabo ba, amma katin farko ya tashi daga kashi 25 zuwa kashi 83, jimillar kuma ta koma 3,000 cikin 8,000, kashi 37 da rabi. Makin FICO, wato makin da bankunan Amurka ke auna amincin mutum wajen biyan bashi da shi, wanda ke kamawa daga 300 zuwa 850, kusan kashi 30 na nauyinsa a kan yawan bashin da ake bin mutum yake, kuma wannan kason na abin da aka ci cikin abin da aka yarje yana cikin manyan abubuwan da ake dubawa a nan. Sai maki ya faɗi. Ɗaya bankin ya ga maki ya faɗi, shi ma yana iya rage nasa. Saboda haka kalmomi uku muke nema a gaskiya: ta adadin da aka yarje, ta abin da aka ci, da ta abin da ya rage.

Ɗan Damagaram:
A Nijar ma'aikatan banki "plafond" suke cewa da Faransanci, ma'anarsa silin ɗaki. Ko mu ce "rufin bashi"?

Malam Nahawu:
A'a ɗan'uwa, "rufin bashi" zai tafi wajen rufin asiri ko rufe bashi, wato biyansa. Sai mu sake faɗawa ramin da muka fito. "Maƙura" ma na duba ta, amma maƙura wuri ne da abu ya ƙure, ba a ƙara ta ba a rage ta. "Haddi" tana da kyau, sai dai kunnen mutane ya riga ya kai ta kotun shari'a.

Alhaji Kantin Kwari:
Ku 'yan boko kuna nema nesa. A kasuwa in dila ya saba da yaro, cewa yake "na lamunce maka kaya har na miliyan ɗaya". Yaron zai ɗauki na dubu ɗari uku yau, ya kawo kuɗi, ya sake ɗauka. Ranar da aka ji ya fara wasa da biyan wasu, sai dila ya ce daga yau kada a ba shi fiye da na dubu ɗari biyu. Ba abin da kuke bayani ke nan ba? Lamuni sunansa.

Tafinta:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, ka kawo rabin amsa. Gidajen rediyo ma da "lamuni" suke fassara sunan asusun IMF, Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kunne ya saba da ita. Saura kalmar da za ta nuna layin da aka ja.

Hajiya Akanta:
Geji. "Ya wuce geji", "an sa masa geji". Ana ɗaga shi, ana sauke shi, kuma ba wanda zai ji "geji" ya zaci kuɗin da aka ci ne. Gejin lamuni.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, geji ai ita ma aro ce daga Ingilishi. Mun gudu ba mu tsira ba.

Malam Nahawu:
Aro ce, amma ta tsufa a gidanmu, kamar mota da asibiti. Mai faci yana yi wa taya geji, uwa tana ce wa ɗanta ya wuce geji, ba wanda ke tuna daga ina ta zo. Akwai kuma dalilin da ya sa ba zan so mu bar "limit" yadda take ba. A Najeriya yawancin katunan da ke aljihun mutane na cire kuɗin kansu ne daga asusunsu, kuma "limit" da suka sani shi ne adadin da manhajar banki ke bari a tura ko a cira a rana. Wancan ƙayyade maka kuɗinka ne. Wannan kuwa kuɗin banki ne. Na goyi bayan gejin lamuni. Abin da aka ci, "bashin da ke kai". Abin da ya rage, "sauran fili".

Hajiya Akanta:
To bari in gwada kalmomin a kan aikin kansa, mu ga ko za su ɗauki kaya.

Wanda aka rage wa geji, abu na farko shi ne takardar da banki ke aikowa, mu kira ta takardar dalili. Dokar Amurka ta hana wariya wajen ba da bashi, ta 1974, ta wajabta wa banki ya sanar da mutum cikin kwana 30, ya faɗi takamaiman dalili ko ya gaya masa yana da kwana 60 da zai nemi a faɗa masa. In kuma da rahoton bashi, wato tarihin cin bashin mutum da biyansa, aka yanke hukuncin, dole a ambaci kamfanin da ya ba da rahoton, Equifax ko Experian ko TransUnion, kuma mutum na da kwana 60 ya karɓi kwafi kyauta. Amma a kula, ba kowane ragi ne ke zuwa da wannan takarda ba. In an rage ne saboda an daɗe ba a taɓa katin ba, ko saboda mutum ya makara da biya a kan katin, ko ragin ya shafi kusan duk masu irin wannan katin gaba ɗaya, dokar ba ta tilasta ba. Sannan ba a wajabta wa banki ya yi gargaɗi kafin ya rage ba. Shi ya sa da yawa a wurin biya a kanti suke ganewa, an ja kati ya ƙi. Abin da aka hana shi ne a ci mutum tara ko a ɗora masa ƙarin kuɗin ruwa na horo saboda bashinsa ya haura sabon gejin, sai an ba shi sanarwar kwana 45.

Dalilin da ke cikin takardar shi ke nuna hanya. In kati ne aka bari a durowa shekara guda, wannan mafi sauƙi: a ɗora masa kuɗin waya ko na mai, a riƙa biya duka kowane wata, bayan 'yan watanni a nema. In kuskure ne a rahoto, kamar bashin wani mai irin sunanka, wanda ke yawan samun masu suna Muhammad da Abdullahi da Ibrahim, a shigar da ƙorafi wurin kamfanin rahoton, yana da kwana 30 a bisa al'ada ya bincika. A gyara rahoto tukuna kafin a koma wa banki. In makara ce ta kwana 30 da ta shiga rahoto, tana zama har shekara 7, ko da yake nauyinta na raguwa da tsufa. Nan ba dabara sai jerin watanni na biya a kan lokaci. In kuma tattalin arziki ne ya tsorata bankuna, kamar 2008 zuwa 2009 da kuma 2020 lokacin korona, ba laifin mai kati ba ne, kuma roƙo bai cika aiki ba sai iska ta lafa.

Mafi yawa dai dalilin shi ne bashin da ke kai ya yi yawa. A nan mutane ke kuskuren rana. Kati yana da rana biyu: ranar rufe lissafi da ranar wa'adin biya, tsakaninsu aƙalla kwana 21. Adadin da yawancin bankuna ke aika wa kamfanonin rahoto shi ne na ranar rufe lissafi. Mutum zai iya biya duka kowane wata a ranar wa'adi, ba a taɓa cajinsa ruwa ba, amma rahoto na nuna katinsa cike. A biya kwana biyu ko uku kafin a rufe lissafi, a saukar da kason ƙasa da kashi 30, in da hali ƙasa da 10, a bar shi ya fito a rahoto wata biyu ko uku.

Akawu:
Ƙari a kan na Hajiya. Akwai abin da bankuna ke yi wa wanda suka fara shakka: ka biya 1,000, su sauke geji da kusan 1,000, ka sake biya, su sake saukewa, sauran fili ba ya taɓa buɗewa. Bankin na janye jiki ne a hankali. Wanda ke cikin wannan hali kada ya nemi ƙari, ɓata lokaci ne. Ya gama biya, ya bar katin a buɗe. Rufe shi cikin fushi yana cire gejinsa daga jimilla, kason ya sake hawa. Wannan me za mu kira shi?

Alhaji Kantin Kwari:
Cin dunduniya.

Malam Nahawu:
Alhaji, ka faɗi yadda mai katin ke ji a ransa, amma a takardar bayani sai mu ce "bin bashi da geji". Gejin ne ke bin bashin ƙasa.

Akawu:
Ta yi. Sai lokacin nema. Bankuna da yawa ba sa duba buƙatar ƙari sai an yi kamar wata shida da canjin ƙarshe, kuma kowane da tsarinsa. Kafin a danna komai a manhaja ko a kira lambar da ke bayan kati, a sabunta kuɗin shiga na shekara, kafin cire haraji, da kuɗin haya. Dokar katunan bashi ta 2009 ta hana banki ƙara geji sai ya duba ko mutum zai iya biya, don haka tsohon albashin da aka rubuta shekara biyar baya yana iya zama shi ne cikas. Wanda ya kai shekara 21 yana iya haɗawa da kuɗin mijinta ko matarsa in yana da damar taɓa su a zahiri. Direban tasi ko na Uber ya rubuta abin da takardar harajinsa za ta iya tabbatarwa, domin in adadin ya yi girma banki na iya neman takardun albashi ko na haraji, kuma ƙarya a takardar neman bashi laifi ne a dokar tarayya.

Tambayar da ba a tsallakewa: wane irin duba za ku yi wa rahotona? Iri biyu ne. Ɗaya ba ya taɓa maki, sauran masu ba da bashi ma ba sa ganinsa. Ɗayan yana zama a rahoto shekara 2, FICO na lissafa shi wata 12, yakan ci 'yan maki kaɗan. Ga mai shirin neman bashin gida nan da wata uku, wannan kaɗan ɗin ma bai kamata a taɓa ba.

Kuma a faɗi adadi. Wanda aka sauke daga 10,000 zuwa 3,000, in ya ce 5,000, ya fi kusa da samu. In yana da wani katin a banki ɗaya, wasu bankunan na yarda a kwaso geji daga wancan a zuba a wannan, sau da yawa ba tare da sabon bincike ba. In an ƙi, wata takardar dalilin za ta zo, a karanta ta, a dakata wasu watanni.

Tafinta:
Waɗannan duba biyun fa? Bature na kiransu mai taushi da mai tauri, amma in muka ɗauko haka ba za ta ba da ma'ana ba.

Ɗan Damagaram:
Na farko "leƙe". Na biyu "bincike mai barin sawu". Mai leƙe ba ya shiga ɗaki, ba a ganin sawunsa.

Malam Nahawu:
Wannan ka biya bashin "rufi" da ka ci ɗazu. Abu ɗaya ya rage: a bambanta "ƙarin geji" da "maido da geji". Wanda aka rage wa, a ransa maidowa yake nema, kamar haƙƙinsa ne aka karɓe.

Hajiya Akanta:
A wurin banki kuwa babu wannan bambancin, Malam. Tsohon gejin ya tafi, buƙatar sabuwa ce, da rahoton yau za a auna ta. Inda "maidowa" ta dace shi ne in kuskure ne ya jawo ragin, aka gyara, aka kira aka ce a sake duba hukuncin. Ban da nan, a rubuta "ƙari", kada fassara ta sa mutum ya kira banki yana faɗa a kan abin da doka ba ta ba shi ba.

Tafinta:
To ga jimlar yadda za ta shiga takarda: "Idan banki ya rage maka gejin lamuni, karanta takardar dalili, ka rage bashin da ke kai kafin ranar rufe lissafi, sannan ka nemi ƙarin geji. Kafin ka nema, tambaya ko leƙe za su yi ko bincike mai barin sawu." Sunan katin kansa kuma, katin bashi ko katin lamuni?

Alhaji Kantin Kwari:
Ku bar shi katin bashi. In kuka ce masa katin lamuni, yara za su manta ana biya.