Wane suna za mu raɗa wa zanen da ake juyawa da yatsa?

1/ Salamu alaikum 'yan'uwa masu karatun kimiyya. Makon nan a Samaru ina nuna wa wasu ƙannenmu 'yan ajin farko yadda ake zana halin kiyubit, wato bit na kwamfutar kwantum, da yaren kwamfuta na Python. Bayani na tafiya da Hausa sumul, sai muka iso wuri uku harshe ya tsaya. Shi ne na kawo maganar nan mu yi ta tare.

2/ Ga asalin abin. Bit na kwamfutar da muka saba ko 0 ne ko 1. Kiyubit kuwa, sunan da Benjamin Schumacher ya fito da shi a 1995, ana nuna halinsa da kibiya wadda ta taso daga tsakiyar wani dunƙulallen abu. Ta nuna sama, 0 ke nan. Ta nuna ƙasa, 1. Kusurwa biyu ke faɗin inda ta dosa: ɗaya daga digiri 0 zuwa 180, ɗaya tana kewayawa har 360. An sa wa dunƙulen sunan Felix Bloch, wanda ya samu kyautar Nobel a 1952.

3/ Na farko, sunan dunƙulen nan, bai ba mu wahala ba. Wani ya ce "da'irar Bloch", na ce a'a, da'ira a shimfiɗe take kamar faifai. Ƙwarya kuma rabi ce. Ƙwallon Bloch ya zauna daidai, yana da baya, yana da ciki.

4/ Na biyu shi ya hana ni barci. Zanen da manhajojin QuTiP ko Qiskit suka fitar, in ka adana shi a matsayin hoto, ya daskare ke nan. Kibiyar da ta nufo ka da wadda ta juya maka baya sai su yi kama, alhali halinsu daban. Amma in ka gina ƙwallon da manhajar zane ta Plotly, za ka kama shi da linzamin kwamfuta ko da yatsa a waya, ka mirgina shi, ka leƙa ta ƙasa, ka matso da shi. Na ga yarinyar da ta kwana biyu ba ta gane kusurwa ta biyu ba, tana juya shi sau ɗaya ta ce, "Yaya, ashe zagaye take yi!"

Wannan shi Bature ke ce wa intaraktif. An ba ni "zane mai motsi", to amma bidiyo ma yana motsi, kai kuwa kallo ne naka. An ba ni "zane mai mu'amala", ba laifi a ma'ana, sai dai ya yi nauyi a baki, kuma kunne yana kai shi wajen ciniki da zamantakewa.

5/ Shawarata: juya-ka-gani. Hausa ta saba da irin wannan ƙira, ga faɗi-ka-mutu da muke ce wa tangaran. Sunan da kansa yana gaya wa ɗalibi abin da zai yi da hannunsa, kuma ba a juya abu a ga bayansa sai yana da tsawo da faɗi da kauri, don haka ya ɗauke mana dogon bayani. "Malam, turo mana juya-ka-ganin jiya." Ku faɗa da baki ku ji.

6/ Na uku, halin da kibiya ke tsakanin sama da ƙasa. Wani malamin sakandare daga Tudun Wada, Allah ya ƙara masa basira, ya turo mini "gamin-gambiza". Malam, kalmarka tana da gurbi, amma ba nan ba. Kibiyar da ta taɓo bayan ƙwallo, wato fatarsa ta waje, hali ne tsantsa, sananne sarai, ko da aunawa za ta ba da 0 ko 1 rabi da rabi a ɗamarar ƙwallon. Wanda ya cakuɗe shi ne wanda kibiyarsa ta gajarce ta tsaya a ciki, kamar yadda ke faruwa idan kiyubit ya cuɗanya da muhallinsa. Wancan ne gamin-gambiza. Na bayan ƙwallo ina ganin mu ce gamayyar hali, ko da yake har yanzu kunnena bai gama amincewa da ita ba.

7/ Malamanmu na sashen Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello, don Allah ku duba mana ta ukun nan. Ranar Asabar zan sake zama da yaran, da juya-ka-gani zan fara.