Foyinta nullptr ce amma metod ya yi aiki, ya aka yi haka?

sabon_ɗalibi:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min da wani abu a C++ da ya ɗaure min kai tun jiya. Na rubuta kilas mai suna Mota, cikinsa akwai metod gaisa() da ba abin da yake yi sai buga "sannu" a sikirin, sai na yi:

Mota *p = nullptr;
p->gaisa();

Tunda p foyinta ce (mai riƙe adireshin objet a memori) kuma nullptr na nufin ba ta nuna komai, na zata furogiram ɗin zai faɗi nan take, wallahi sai ga "sannu" ta fito lafiya lau. Da na sa metod ɗin ya buga launin motar kuma sai ya faɗi da segmentation fault. To wai ya halatta ne ko kuwa?

Malam_Kod:
Wa alaikumus salam ƙanina. Bai halatta ba, a ƙa'idar C++ wannan yana cikin abubuwan da ba a ƙayyade sakamakonsu ba, wato kwamfaila (mai fassara kod zuwa yaren na'ura) tana da 'yancin yin duk abin da ta ga dama. Dalilin da ya sa ka ga ya yi aiki shi ne metod ba a cikin objet yake zaune ba, fankshin ne guda ɗaya a ajiye a gefe, in ka kira shi sai a miƙa masa adireshin objet ɗin a ɓoye, shi ne this. To a naka an miƙa masa sifili, shi kuma gaisa() bai taɓa this ba sam, shi ya sa ba wanda ya lura. Da ka nemi launi sai ya je karanto memori a wajen adireshin sifili, sistem ya kashe shi. Gwada sa virtual a gaban gaisa(), galibi tun wajen kiran zai faɗi, don sai an leƙa cikin objet an ɗauko vtable (teburin adireshin metod ɗin virtual) kafin a san wane metod za a kira.

sabon_ɗalibi:
Na gode Malam, na gane. To in na sa if (this == nullptr) return; a farkon metod ɗin fa, ai shikenan ko?

Hajiya_Dev:
A'a don Allah kar ka saba da wannan. Mutane sun daɗe suna yi, har a laburaren MFC na Microsoft akwai GetSafeHwnd da ke yin irin wannan dubawar, amma da kwamfailar GCC 6 ta fito a 2016 sai ta fara ɗauka cewa this ba zai taɓa zama sifili ba, ta riƙa goge if ɗin gaba ɗaya wajen optimaizeshin (gyaran kod don ya yi sauri), kod ɗin Qt 5 da Chromium da KDevelop duk sai da abin ya shafe su. Abin da ya fi ciwo shi ne yana aiki a debug ka ji daɗi, ka gina da -O2, wato ka kunna optimaizeshin, ya watse. Ka duba p kafin ka kira, in kuma metod ɗin ba ya buƙatar objet ka mai da shi static ka kira Mota::gaisa(). Ka kunna sanitaiza ma, wato -fsanitize=undefined, zai nuna maka layin da matsalar take.

abu_gopher:
Ƙari kaɗan, ba kowane yare ne haka ba fa. Java za ta jefo maka NullPointerException, Objective-C in ka aika saƙo ga nil shiru kawai zai dawo da sifili, a Go kuma ya halatta ka kira metod da foyinta nil ka duba ta a ciki.

sabon_ɗalibi:
Allah ya saka da alheri. Na kunna sanitaiza ɗin yanzu, ya kamo layin p->gaisa() daidai.