Gyaran tsofaffin ɗakunan jinka a Toro: ta ina za a fara, kuma masu inshora za su karɓa?

Ɗan Toro:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai kago biyu a gidanmu na gado a wani ƙauye kusa da Toro, ginin tubali da jinkar ciyawa, kowanne faɗinsa ƙafa 15 in an auna ta waje. An daɗe ba a baibaye su ba. Ɗaya na yoyo ta ƙololuwa, gindin bangon gabas ya zaizaye har hannu na shiga, ga gara ta hau tsaiko. 'Yan'uwa sun ce a rushe a sa bulo da kwano, ni kuwa so nake su zauna yadda aka gina su, ko don sanyinsu da bazara. Bango ake fara gyarawa ko jinka? Ciyawa nawa za ta isa? Sannan akwai mai yarda ya yi wa ɗakin ciyawa inshorar gobara?

Tsohon Magini:

Wa alaikumus salam. Malam, bango ne farko, amma sai an sauke jinka, don ba ka ganin gaskiyar kan bango tana zaune a kansa. Aikin rani ne: a sauke a Disamba, a gama bango kafin ƙarshen Fabrairu, jinka ta hau kafin iskar farkon damina ta Afrilu da Mayu.

Zaizayar gabas ba abin mamaki ba ce, hadarinmu daga gabas yake tasowa, can ruwa ke dukan bango. Duba zurfin ramin. In bai kai kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango ba, ciko ya isa. In ya kai rabi, ko bangon ya karkata waje, a tokare shi, a rushe wannan ɓangaren a sake ɗora tubali, kada a ɓata yaɓe a kansa.

Wajen ciko, a kankare duk ƙasar da ta yi laushi har a kai mai tauri, a share, a yayyafa ruwa, sannan a cike kaɗan-kaɗan, kada kauri ya wuce inci ɗaya a lokaci guda. A bar kowane ya sha iska kafin a ƙara. Wanda ya cusa laka mai kauri gaba ɗaya, tana bushewa za ta tsuke ta rabu da tsohon bango. Tsaga kuma a buɗe bakinta da wuƙa tukuna. Ƙasar ta zama jar ƙasa mai ɗan tsakuwa irin wadda aka yi ginin da ita, a cuɗa da yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwana uku zuwa bakwai ana jiƙawa ana juyawa. Gwajinta ba wuya: shafa tafi ɗaya a bango ka dawo gobe. In ta tsattsage, yumɓu ya yi yawa, ƙara yashi. In tana zuba da ka goga yatsa, yashi ya yi yawa.

Abin da nake roƙonka, kada wani ya ruɗe ka da filastar siminti a kan bangon ƙasa. Siminti da ƙasa ba sa motsi tare, kuma danshi in ya shiga bayansa ba ya fita. Waje sumul, ciki na ruɓewa, gara na aikinta ba mai gani, wata rana ya ɓantare kamar faranti. In dole sai an sa, to kwanon sarki ɗaya na siminti cikin 12 zuwa 15 na ƙasa. Makuba ta fi, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ake kwaɓa yaɓen ƙarshe da shi, sai dai tana son sabuntawa bayan 'yan shekaru. Ginin ƙasa ba ya tsufa in ana kula da yaɓensa, gidan Madaki da Babban Gwani ya gina a Kafin Madaki tun ƙarni na 19 shaida ne.

Inda siminti ke da amfani shi ne gindin bango, wajen ɗaure dutse. A zagaye gindin ɗakin da dakalin dutse, tsayi ƙafa ɗaya, faɗi ƙafa biyu, a karkata shi waje. Toro ba ta rasa dutse ba.

Mai Baibaya Dass:

Baba Magini ya gama da bango. Kan jinka, a zubar da bunun gaba ɗaya. Masu tsimi kan juya shi su sa a ƙasa su rufe da sabon shuci, amma ba a banza aka ce baƙin bunu ɓata baibaya ba: yana riƙe ruwa, yana ruɓar da sabuwar da ke kansa.

Shuci a yanke shi bayan ya ƙosa ya bushe a tsaye, daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, kafin masu ƙona daji su riga ka. Wanda aka yanka ɗanye ba ya jure damina biyu. A kakkaɓe ganye da 'ya'ya saboda ɓera, a jingine dammunan a kan duwatsu, ba a ƙasa ba. Tsawon ƙafa uku zuwa sama ake nema.

Yawancin yoyo daga kwanciyar jinka yake, ba daga ciyawa ba. Daga kan bango zuwa ƙololuwa kada tsayi ya gaza rabin faɗin ɗaki. Naka mai ƙafa 15, tsayin ya kai ƙafa bakwai da rabi, takwas ya fi. Bakin jinka ya zarce bango da ƙafa biyu, a gabas ko da ƙari, shi ne zai hana zaizayar nan dawowa.

Dami ba ma'auni ba ne, na kowa daban, saboda haka a yi lissafi da tsawon yanta, wato ciyawar da aka saƙa jere da igiya. Daga baki zuwa ƙololuwa kusan ƙafa 13 da rabi ne. In kowane zagaye ya bar inci takwas na na ƙasa da shi a buɗe, zagaye 20 ke nan. Na ƙasa ya kusa ƙafa 60, na sama ɗan kaɗan, matsakaici 30. Wato yanta ƙafa 600 a ɗaki ɗaya. Ƙara 100 saboda zagayen farko ana ninka shi, ƙololuwa ma na ci. Ka sa a yanta dami ɗaya a gabanka ka auna, daga nan ka san dammuna nawa za ka saya.

Tsaiko: duk sandar da ka ƙwanƙwasa ta yi ƙarar fanko, ko gari na zuba daga ƙananan ramuka, a cire ta. Gora ko gwangwala sun fi kara nesa. Tanka kada ta wuce ƙafa ɗaya tsakani, a ɗaure da igiyar rama ko ta kaba. Igiyar leda rana na cinye ta. Ana fara baibaya daga ƙasa ana hawa, gindin ciyawa na kallon ƙasa a zagayen farko don baki ya yi ƙwari. A ƙololuwa a tattara a ɗaure tamau, a kifa tsohuwar tukunya ko hular kwano. Da an gama, a ɗaure tsaiko da turakun da aka binne a cikin kan bango, aƙalla wuri shida. Jinkar da aka aza kawai, guguwar Afrilu kan ɗauke ta ɗungurungum.

Baƙin mai da ake shafa wa itace don gara, ban ba da shawararsa a ƙarƙashin ciyawa ba, abincin wuta ne. A nemi shurin da garar ke fitowa a tone shi, a kuma hana kowane itace taɓa ƙasa.

Ɗan Toro:

Allah ya saka da alheri. Wani ya ce in shimfiɗa leda ko kwano a ƙarƙashin ciyawar. Yaya kuka gani?

Mai Baibaya Dass:

Leda a'a. Tana tsare yoyo shekara ɗaya, ta hana ciyawa shan iska, ta ruɓe daga ciki. Kwano ya fi, yana tare garwashi faɗowa cikin ɗaki, amma a bar inci biyu tsakaninsa da ciyawa, in ba haka ba tsatsa. A kago mai zagaye yankansa da ɓarna, ga nauyi a kan tsohon bango.

Hajiya Mai Takaful:

Malam Ɗan Toro, amsar tambayarka ta uku ita ce ana iya samu, amma ba a kan farashin gidan bulo ba, kuma ba kowane kamfani zai karɓa ba. A wurin masu inshora, ginin da aka saba shi ne bangon bulo, dutse ko kankare da rufin kwano ko makamancinsa. Ƙasa da ciyawa na cikin masu haɗari, don haka ko su ƙi, ko su ƙara kuɗi su gindaya sharuɗɗa. Ka bi ta dillalin inshora mai rajista, shi ya san masu karɓa, ka kuma duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na NAICOM, hukumar kula da inshora ta ƙasa. In kana gudun riba, akwai takaful, wanda hukumar ta fitar wa ƙa'idoji a 2013, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Abin da ka biya gudummawa ce cikin asusun taimakon juna, in an samu rara ana iya raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Amma su ma da ma'aunin haɗari ɗaya suke aiki.

Babban abin da ke hana mutane diyya shi ne fom. In an tambayi irin rufi, rubuta ciyawa, ko da akwai kwano a ƙarƙashinta. Wanda ya rubuta kwano don a rage masa kuɗi, ranar gobara mai tantance asara zai tarar da tokar shuci, yarjejeniya ta rushe. In gidan akwai ɗakunan bulo kusa, a ambaci kagon ko da su kaɗai za a yi wa inshora, domin maƙwabtaka da ciyawa na canza lissafi.

Ka nemi ta gobara da ƙarin haɗurra, ka tabbata an rubuta guguwa, ambaliya da wutar daji ɓaro-ɓaro. Wutar daji sau da yawa ba ta cikin ta gobara zalla, alhali ita ce barazanar ƙauye da hunturu. Gara, ruɓewa da yoyon tsufa ba a biyan su. Ka kuma karanta sharaɗin barin gida ba kowa: yawanci in ya wuce kwana 30 a rufe ba a sanar da su ba, kariya ta tsaya. Gidan gado na yawan faɗawa nan. Tunda na gado ne ma, a rubuta sunan magada ko wakilinsu da yardarsu a rubuce.

Adadin da za ka sa shi ne kuɗin sake ginawa yau, ban da fili. A ce sake ginin zai ci naira miliyan biyu, ka rubuta miliyan ɗaya. In wuta ta yi ɓarnar dubu 800, dubu 400 za a ba ka, a kuma cire kason farko da yarjejeniya ta ɗora maka. Ka sabunta adadin duk shekara saboda tsadar kaya. Kariya ba ta farawa sai kuɗi sun shiga, doka ce, alkawarin baki ba ya aiki. Ajiye rasit ɗin gyara da hotunan kowane mataki a waya da wani wuri daban. In abu ya faru, Allah ya kiyaye, a sanar da kamfani nan take, a karɓi rahoton 'yan kwana-kwana, kada a share wurin kafin a zo dubawa.

Injiniya Bajoga:

Ƙari kan maganar Hajiya, ga abin da mai duba gida zai kalla, kuma shi ke sa a sassauta. Waya ta bi bango cikin bututun roba, kada ko ɗaya ta ratsa ciyawa, kada a yi haɗi a sama inda ɓera ke yawo. Kwan fitila LED, ƙafa biyu aƙalla daga jinka. Batirin sola da inbata su zauna a ɗakin kwano. Murhu da janareta su yi nisan ƙafa 30, kuma ba ta gefen da iskar hunturu ke busowa ba, wato arewa maso gabas. A share ciyawa da karan gona ƙafa 15 kewaye da ɗakunan tun Nuwamba. Tukunyar kashe gobara mai hoda, kilo shida ko tara, a rataye ta a bakin ƙofa ta waje, ga durom na ruwa da bokitin yashi. Hodar tana kashe wutar da ta tashi a cikin ɗaki ne, in ta kama jinka sai ruwa da doguwar sanda mai ƙugiya da za a fizgo yantar da ke ci ƙasa.