Gulutamin ga ɓerayen sikila: a ruwa, a bututu ko a abinci?

Amina, Ngaundere: Assalamu alaikum malamaina. Za a gwada amino asid ɗin gulutamin a kan ɓeraye masu sikila, irin na Townes (ɓerayen da aka sa wa ƙwayar halittar sikila ta ɗan Adam). A zuba musu a ruwan sha?

Dakta Hamadu, Garwa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki rabu da kwalbar ruwa. Gulutamin in ya kwana a ruwa lalacewa yake yana sakin amoniya, zafi kuma na ƙara masa gudu. Ga shi nan Arewa a watan Afrilu ana haura digiri 40, alhali ɗakin ɓera bai kamata ya wuce 26 ba. Da an ɗauke wuta shan ruwansu ya ƙaru, shi ke nan ba ki san nawa ya shiga cikin kowanne ba. Gara ɗura da bututu zuwa ciki, haɗi sabo kullum, mililita 10 ga kowane kilo. Ɓera mai giram 25, mililita 0.25 ke nan.

Malam Isa, Njamena: Dakta, a yi mini afuwa, lissafin bai fita ba. Adadin gulutamin da Amurka ta amince wa masu sikila a 2017 kusan giram 0.3 ne ga kilo, sau biyu a yini. A mayar da shi ga ɓera bisa faɗin jiki, sai an ninka kusan sau 12, wato wajen giram 3.6 ga kilo. Gulutamin kuwa ba ya narkewa fiye da wajen giram 4 a mililita 100, wato ɗura ɗaya giram 0.4 ga kilo kawai za ta kai. A cuɗa shi a abinci, a riƙa auna ragowar kowace safiya.

Dakta Hamadu: Gaskiyarka Malam. In haka ne kowane ɓera da kejinsa.

Hajiya Fadimatu, Marwa: 'Yata, inda ake yawan faɗuwa ɗibar jini ne. Duk jinin ɓeran bai kai mililita 2 ba. Kada ki wuce kashi 10 cikin 100, sannan ki bar shi mako 3 zuwa 4. In kin matsa, ɓargo zai tura sababbin ƙwayoyin jini, ki zaci aikin magani ne. Rukunin kwatance kuma, wato ɓerayen da ba a ba gulutamin ba, a ba su amino asid ɗin alanin mai naitirojin daidai da na gulutamin, kuma mai ƙirga a madubin labo kada ya san wane rukuni ne a gabansa.

Amina: Na gode Hajiya. Amino asid ɗin lusin fa?

Malam Isa: Wannan na ƙarancin jinin Diamond-Blackfan ne. A 2012 aka ga ya ɗaga jini a ɓeraye da kifin zebra masu naƙasar ƙwayar halittar RPS19. Ciwon can na ɓargo ne, kada ki haɗa su a gwaji ɗaya.